Mu Haɗu a Littafi na Uku

A ƙarƙashin gadon Gwaggo akwai wani tsohon akwatin ƙarfe mai zanen furanni, irin wanda ake kai amarya da shi a da. Ina da shekara 11 ranar da na fara buɗe shi. Aikena aka yi in ɗauko zanen gado, sai na jawo akwatin da ba shi ba. Ina ɗaga murfin, ƙanshin kafur da na tsohuwar takarda suka cika min hanci. Littattafai ne maƙil, sirara, an ɗaure su kashi-kashi da tsumman atamfa. Takardarsu ta koma ruwan ƙasa. Wasu bangonsu ya rabu, an bi su da zare da allura an ɗinke. A shafin farko na kowanne Gwaggo ta rubuta sunanta da shuɗin biro, a ƙasa ta ƙara da cewa duk wanda ya ara ya ji tsoron Allah ya dawo da shi.

Zanen gadon da ban kai ba ke nan, sai da ta biyo sawuna. Ta same ni durƙushe a ƙasa na kai shafi na takwas. Na ɗauka faɗa za ta yi. Ta dube ni, ta dubi yatsuna, ta ce, "Tashi ki wanke hannunki tukuna, manja kika ci." Da na dawo ta kafa min sharuɗɗa: ɗaya bayan ɗaya zan riƙa ɗauka, ba a naɗe kunnen shafi, ba a karatu kan abinci a wuta, kuma in an kira salla a ajiye.

Yawancin littattafan ta saye su ne tana sakandare, a shekarun 1990, lokacin da rubutun ƙagaggun labarai ya cika Kano ya tumbatsa. Takan ba ni labarin yadda suke haɗa kuɗin tara ita da ƙawayenta, su ba wani yayansu ya sayo musu in ya shiga Kasuwar Sabon Gari, littafi ɗaya ya zaga aji guda kafin ya dawo hannun mai shi. Masana sun sa wa wannan rubutu suna Adabin Kasuwar Kano, mutanen gari kuma suna cewa littattafan soyayya. Gwaggo ba ta son ko ɗaya daga cikin sunayen nan. Takan ce wanda ya kira su na soyayya bangon kawai ya gani. A ciki akwai kishi, akwai auren dole, akwai rabon gado, akwai marainiyar da ke wanke-wanke har dare, akwai matar da aka saka da goyo. Soyayyar ƙofa ce kawai, ɗakin yana ciki.

Ita ce kuma ta fahimtar da ni dalilin da ya sa kusan kowane labari ya kasu na ɗaya, na biyu, na uku. Marubutan nan da kuɗin aljihunsu suke bugawa, ba kamfani ne ya ɗauki nauyinsu ba. Mutum zai buga na ɗaya, ya kai wa 'yan kasuwa, ya jira kuɗi su dawo, sannan ya buga na biyu da su. Dole ke nan ya yanke labarin daidai inda ya ɗauki zafi, don mai karatu ya dawo. Rashin jari ne ya haifi wannan salo, amma ya zama wani abu da jinina ya saba da shi. Har yau in na ga "mu haɗu a littafi na biyu" sai in ji gabana ya faɗi, in ji daɗi kuma a lokaci guda.

A cikin akwatin nan na gamu da labarin da ya fi kowanne zama a raina. Wata marainiya ce aka aurar da ita ga mutumin da bai san darajarta ba. Na biyu ya ƙare tana tsaye a tasha bayan magariba, goyo a bayanta, ƙullin kaya a hannu, kuɗin motar bai cika ba, ga mijin ya aiko a komo da ita. Na juya shafi, babu komai sai tallan wasu littattafai. Na zazzage akwatin kaf, na kwance kowane ɗauri. Babu na uku. Gwaggo ta ce wata ƙawarta ce ta ara, aka ɗaura mata aure aka kai ta Maraɗi, littafin ya bi ta cikin kayan ɗaki.

Na yi kuka a daren nan, kuka na gaske. Yarinyar nan tana tsaye a tasha kuma babu wanda zai gaya min ko ta hau mota.

A bakin layinmu akwai mai shagon hayar littattafai, dattijo mai farin gemu da tabarau ɗaure da zare. Naira 20 yake ba da littafi kwana ɗaya, yana rubuta sunan mai ɗauka a wani dogon littafin lissafi. Na hana kaina awara a makaranta kwana biyu na je masa. Ya saurari labarin tun daga farko, bai katse ni ba, ya hau kan benci ya sauko da kwalaye biyu, muka bincika tare har hannuwanmu suka yi baƙi da ƙura. Bai samu ba. Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya ce, "'Yata, kin karanta Magana Jari Ce kuwa? Ba guntayen da ake ba ku a aji ba, shi kansa." Na ce a'a, Malam. Ya miƙo min na ɗaya, ya ce in riƙe kuɗina.

Nan na san aku. Abubakar Imam ya rubuta littafin nan kashi uku tun a ƙarshen shekarun 1930, bayan Ruwan Bagaja da ya shigar gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Abin da ya kama ni shi ne aikin da akun yake yi a littafi na ɗaya: ɗan sarki yana son fita, fitar da za ta jefa shi cikin halaka, aku kuma yana tsare shi da labari dare bayan dare har gari ya waye. Ashe riƙe mutum da "sai me ya faru?" tsohuwar sana'a ce. Na mayar da littafin bayan kwana uku na karɓi na biyu. Marainiyata dai tana tasha.

Daga nan karatu ya shiga cikin kwanakina ya gauraya da komai, har ba na iya tuna littafi ba tare da abin da nake ci ko yanayin garin ba. Akwai wanda in na tuna shi sai in ji sanyin hunturu: na lulluɓa da bargo bayan asuba, kofin koko yana tururi a gefe, ƙosai a takarda yana huce mai, leɓena ya tsage, hazo ya rufe gari ko Dutsen Dala ba a hange. Akwai na bazara, wanda na karanta a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ina tsotsar goruba, in tashi in kamfaci ruwan randa in dawo. Na damina sun fi daɗi. Hadari ya haɗo, an kwashe shanya a guje, an ɗauke wuta, ƙanshin ƙasa ya taso, ruwa yana dukan kwanon ɗaki har ba ka jin maganar na kusa da kai. Lokacin babu mai aikenka ko'ina. Sai ka jawo fitila kusa, ka buɗe inda ka tsaya. Da azumi kuwa akwatin rufe yake, wata guda cur, Alƙur'ani ne a hannu. Ranar Salla da yamma, bayan an gama rabon tuwo da gaishe-gaishe, lalle yana hannuna nake komawa gare shi, kuma wannan komawar ma wani daɗi ne na daban.

Baba bai so abin ba da farko. Ya ji abin da ake faɗa a gari, cewa littattafan nan suna buɗe wa 'yammata ido. Ban ga laifinsa ba, domin akwai waɗanda ni ma da na fara na ajiye, na ji ba su dace da ni ba. Amma wanda ya yi musu kuɗin goro bai yi adalci ba. Mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa, Hafsatu Abdulwaheed, littafinta ya fito a 1980, kuma matan da suka biyo bayanta sun rubuta abubuwan da ake gani a gidaje ana kawar da kai. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta dawo ta nemi ilimi, ta rubuta labaran da har aka fassara ɗaya zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Ni dai a littafi na fara sanin cewa 'yar aikin gidan maƙwabtanmu tana da uwa a wani ƙauye da take kewa. Kullum ina ganinta a bakin famfo, ban taɓa tunanin haka ba sai da na karanta irinta. Baba bai ce ya yarda ba. Ya dai daina magana ranar da ya ga sakamakon jarrabawata ta Hausa, daga baya ma ya sayo min fitila mai caji.

Amma wadda ta fi kowa shiga karatuna ita ce Hajiya, kakata. Tana karanta Alƙur'ani, tana karanta ajami, boko ne ba ta yi ba, ga ido ya fara rauni. Wani dare bayan isha'i ta ce, "Ke kishiya, me kike ta yi wa murmushi ke kaɗai? Karanta mu ji." Tun daga ranar ya zama al'ada. Tana kishingiɗe tana ɓare goro, ni ina bakin gado. Hajiya ba ta sauraro shiru. In mugu ya yi magana sai ta ce, "Allah wadaran naka ya lalace." In yarinya ta yarda da daɗin bakin saurayi sai ta tafa hannu ta ce, "Kayya, wannan ba ta da wayo." Wani lokaci ta sa in koma baya in maimaita wuri, ba don ba ta ji ba, don maganar ta yi mata daɗi.

Na karanta mata labarin marainiyar, na ɗaya da na biyu, cikin dare shida. Da muka iso tasha na rufe, na ce iyakarsa ke nan, na ukun ya ɓata. Ta yi shiru tana tauna goro. Can ta ce, "To ai na san abin da ya faru."

Ta ce yarinyar ba ta koma ba, kuma ba ta hau motar ba. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin tashar ce ta lura da ita, ta kira ta ta zauna kusa da wuta saboda yaron. Ta kwana a zaurensu. Da asuba ta taya ta surfen wake. Hajiya ta faɗi yadda ake jiƙa waken, yadda ake murza shi a turmi a hankali don kada ya farfashe, yadda ake gane mai ya yi zafi da ɗigon ƙullu ɗaya. Ta faɗi nawa yarinyar ta fara tarawa a asusun ƙasa, da ranar da ta sayi kaskonta na kanta, da ranar da ta sai wa yaron allo. Tana maganar ba ta dube ni ba, bango take kallo. Muryarta ta sauya. Sai da ta kai inda yaron ya yi zazzaɓi cikin damina, babu kuɗin magani, aka sayar da ɗan kunne, sannan na gane. Na taɓa jin labarin ɗan kunnen nan a bakin Baba. Shi ne yaron.

Ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Ta gama ta ce in rage fitila.

Yanzu shekarata 20. Shagon haya ya koma wurin cajin waya, dattijon ya koma garinsu. Yawancin abin da nake karantawa a waya yake zuwa: marubuciya ta buɗe zaure a WhatsApp, ki tura kuɗi a saka ki, kullum da dare ta sako shafi ɗaya ko biyu. Akwai gaggawa a wasu, rubutun ba a tace ba, ƙa'idar rubutu ta sha kashi, wannan yana damuna ƙwarai. Akwai kuma masu kyau da nake jira kamar yadda Gwaggo take jiran ɗan aike daga kasuwa, ina duba caji, ina duba data. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta sa na san gajerun labarai ma suna iya riƙe mutum, har na fara cika wani littafin rubutu da nawa, wanda ban nuna wa kowa ba sai Gwaggo.

Watan jiya na shiga Sabon Gari sayen littattafan makaranta. A gaban wani shago an zube tsofaffin littattafai a kan buhu, ana sayarwa da araha. Na tsuguna ina juyawa don sabo kawai. Sai ga shi. Bangon ya koɗe, gefe ɗaya ruwa ya taɓa shi, amma lambar 3 tana nan ɓaro-ɓaro. Hannuna yana rawa na biya, ko ciniki ban yi ba. A cikin adaidaita sahu na rungume jakata har gida, ban buɗe ba. Shekara tara ina jira, na ga ba zan karanta shi ni kaɗai ba.

Dare uku muka yi a kansa ni da Hajiya, Gwaggo ma ta zo ta zauna a bakin ƙofa. A littafin, wani attajiri ne ya tsaya da mota a tashar, ya taimaki yarinyar, daga baya ya aure ta, tsohon mijin ya zo yana neman gafara. An rubuta shi da kyau, Gwaggo har da share hawaye da bakin mayafi. Wannan karon Hajiya ba ta katse ni ko sau ɗaya ba. Da na karanta "alhamdulillahi" na rufe, ta jima ba ta yi magana ba.

Sannan ta ce, "Ta yi ƙoƙari, Allah Ya yi mata albarka. Amma ba haka aka yi ba." Ta miƙo hannu. "Ba ni goron nan, kishiya."