Asabar a Tudun Wada: daga kwamfuta zuwa talabijin ba tare da cin data ba

Aikin yau a gidan Baffa yake, Tudun Wada, nan cikin Gombe. Akwai tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a ɗakin samarin gidan, maƙil da bidiyon bukukuwan dangi, tafsirin azumi, karatun Alƙur'ani da finafinai. So ake a riƙa kallonsu a talabijin ɗin falo, ba sai an kwafa a filas an kai an dawo ba. Sharaɗi ɗaya Baffa ya gindaya: kada abin ya ci data.

Wannan sharaɗin shi ya zaɓar mana kayan aiki. Mutane da yawa sun ɗauka Wi-Fi da intanet abu guda ne, alhali ba haka ba ne. Rauta aiki biyu take yi: tana haɗa na'urorin cikin gida da junansu, tana kuma fitar da su waje ta layin SIM. Fayil ɗin da ya tashi daga kwamfuta ya bi ta rauta ya sauka a talabijin bai fita daga gidan ba, don haka ko kilobait ɗaya ba a cirewa daga data. Abin da ake tsimi kuwa ba kaɗan ba ne. Bidiyo mai tafiyar megabit 8 a daƙiƙa yana cin megabait 1 kowace daƙiƙa, wato gigabait 3.6 a awa guda. Gidan da ake kallon awa uku kullum, sai ya lissafa na wata.

Da safe na fara da abin da suke amfani da shi a da, 'yar ƙaramar na'urar nan da ake sokawa a HDMI mai aiki da tsarin Miracast. A Windows ana danna maɓallin Windows da K, sai allon kwamfuta ya bayyana a talabijin. Matsalarta a yadda take aiki ne. Kwamfuta ba fayil ɗin take turawa ba, hoton allo take ɗauka, ta matse shi, ta aika, a wancan gefen a warware. Shi ya sa hoto ke dishi-dishi idan motsi ya yi yawa, murya ta riga baki, duk saƙon da ya faɗo a kwamfuta kuma sai kowa a falo ya karanta. Ga shi an jona wutarta a USB ɗin talabijin, wanda yawanci rabin amfiya yake bayarwa a bolt 5, ita kuwa tana son amfiya 1. Da ta ɗauki zafi sai ta mutu ta sake tashi. Don nuna hotuna ko darasi tana da amfani. Don fim na awa biyu, ba ita ba ce.

Chromecast, wata na'urar da ake sokawa a HDMI wadda Google ya fitar a 2013 ya kuma daina ƙera ta a 2024, ta fi wannan nesa ba kusa ba, amma da intanet ake saita ta kuma da shi take jin daɗin aiki. Fire TV Stick na Amazon ma sai an yi masa rajista ta intanet. Da talabijin ɗin mai manhaja ne, da DLNA, tsarin da ke ba talabijin damar kunna fayil daga kwamfuta ta rauta, ya wadatar: ƙungiyar da ta kafa tsarin a 2003 ta watse a 2017, amma har yau yana cikin talabijin masu yawa, Windows kuma na da wurin kunna shi a Media streaming options. Na Baffa inci 43 ne, 1080p, HDMI biyu da USB ɗaya, babu manhaja. Saboda haka akwatin Android, wanda ake jonawa da talabijin ya ba shi manhaja, shi ne maganinsa.

A nan ne ake yawan cutar mutane. Kwali zai ce RAM gigabait 4, ma'aji 64, har da 8K da manyan baƙaƙe, a ciki kuwa gigabait 1 ne da 8, an gyara manhajar ta riƙa faɗin abin da ke kan kwali. Abubuwa huɗu nake dubawa kafin a biya kuɗi: akwai ramin kebul na LAN, RAM ya kai gigabait 2 na gaske, ƙwaƙwalwarsa na iya warware H.265, wani tsarin matse bidiyo, da kanta kamar yadda dangin Amlogic S905 ke yi, sannan a shiga Play Store, a buɗe saituna, a ga an rubuta cewa na'urar na da shaidar Play Protect, wato tantancewar Google. Na ƙarshen ba ƙawa ba ne. A 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan BadBox 2.0, muguwar manhajar da ake samu a irin waɗannan akwatuna marasa shaida, wani lokaci tun kafin su iso hannun mai saye, tana amfani da intanet ɗin gidanka don harkar wasu. Akwatin da aka tallata maka da "duk tashoshi kyauta" shi za ka fi tsoro. Data yake sha a ɓoye, kuma haƙƙin masu shirya fim ake ci da shi.

Sauran kayan da aka sayo: kebul ɗin HDMI mita ɗaya da rabi, kebul Cat6 mita 25, kawunan RJ45 guda huɗu ko da ɗaya zai lalace, da kilif na bango. Rautar 4G ta gidan tana da ramukan LAN, don haka ba a sayi wata ba. Mai ƙaramar MiFi ta aljihu ba shi da wannan damar, wasu ma a saitinsu an hana na'urori ganin juna, sai an kashe wannan kafin komai ya yi aiki.

Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Hamma, me ya sa ba za a bar shi a Wi-Fi ba? Ga sigina nan sanda uku." Na nuna masa bango biyu na bulo da ke tsakanin ɗakinsu da falo. Zangon 5GHz na da gudu amma bulo na cinye shi. Na 2.4GHz yana ratsa bango, sai dai duk maƙwabta a kansa suke, tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Sanda uku na nuna ƙarfin sigina ne, ba ta faɗin nawa ke wucewa. Kebul kuwa har mita 100 yake kaiwa bai rage komai ba.

Kafin a ɗaura kai, na kankare silin waya ɗaya da reza. Idan cikinsa ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, kuma irin wannan karyewa yake a cikin kai bayan 'yan watanni. Namu ja ne har ciki. Jerin launuka iri ɗaya ne a kawunan biyu: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kada a warware murɗin wayoyin fiye da abin da zai shiga kai, kada kuma a haɗa kebul ɗin a bututu ɗaya da wayar wuta. Mun bi da shi ta saman ƙofa, kilif kowane rabin mita.

Gefen kwamfuta ya fi cin lokaci. An mayar da hanyar sadarwar Private, domin idan tana Public Windows na ɓoye kwamfutar. An tattara komai a folda ɗaya mai rassa huɗu: Biki, Tafsiri, Karatu, Fim. An buɗe sabon asusu mai kalmar sirri don akwatin kaɗai, aka raba foldar ta Advanced Sharing da izinin karantawa kawai, don kada yaro ya danna rimot ya goge bikin yayarsa. A rauta an ɗaure wa kwamfutar lambar IP guda, wato adireshinta a hanyar sadarwar gida, domin in ba haka ba duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo tana iya samun sabuwa, akwatin ya neme ta a tsohon adireshi ya rasa. An hana ta barci idan tana caji, an kuma saita cewa rufe murfi kada ya yi komai. Idan tsohon akwati ya ƙi ganin folda, za a ce maka ka kunna SMB1, tsohon tsarin raba folda na Windows. Kada ka yarda, ta wannan ƙofar muguwar manhajar WannaCry ta bi ta addabi duniya a 2017. Gara a sa manhajar da ta san SMB2.

Manhajar kunna bidiyon da aka sa a akwatin ita ce Kodi, wadda ake kira XBMC kafin 2014. A Videos ana shiga Files, Add videos, Browse, Add network location, a zaɓi SMB, a rubuta lambar IP da sunan asusu da kalmar sirri. Da ta tambayi irin abin da ke cikin foldar na bar shi None, don kada ta shiga intanet neman hotunan fasta. Jellyfin, wata manhajar da ake sa wa kwamfuta ta riƙa aika bidiyo, ta fi kyan gani, kyauta ce, tana aiki ba intanet ta tashar 8096, amma idan ta fara sauya tsarin bidiyo nan take, tsohuwar kwamfuta irin wannan fankarta kawai za a riƙa ji. Da Kodi, kwamfuta miƙa fayil kawai take yi, akwati ke yin aikin.

Bayan azahar aka kunna na farko. Ana cikin kallo na zare SIM daga rauta na ajiye a tafin hannun Baffa. Bidiyo bai ko girgiza ba. Ya juya katin, ya dubi talabijin, ya ce, "To, madalla. Mayar da shi." Don kada a bar ƙofa a buɗe, an toshe wa akwatin fita intanet a saitin rauta, an kuma sa wa kebul ɗin kwamfuta alamar Metered connection don Windows ta rage sauke sabuntawa a ɓoye. Abu guda da za a sani: yawancin akwatunan ba su da batirin agogo, idan ba intanet kwanan wata na iya komawa baya. Kallon cikin gida bai damu da wannan ba, amma ranar da za a buɗe masa YouTube sai an fara gyara kwanan wata.

Matsala ta farko: wani fim ga hoto ba murya. Sautinsa a tsarin da ake kira DTS yake, Kodi kuma na miƙa shi ɗanye ga talabijin ɗin da bai san shi ba. A saitin Audio aka kashe passthrough, wato miƙa sautin ɗanye, aka sa tashoshi a 2.0, akwati ya warware sautin da kansa. Shi ke nan.

Ta biyu ta fi daɗi a bincika. Bidiyon bikin bara yana tafiya daƙiƙa kaɗan ya tsaya yana lodin, sauran fayiloli kuwa lafiya lau. Mai ɗaukar hoton ya ba da fayilolin yadda suka fito daga kyamara, 4K a megabit 100 cikin daƙiƙa. Ramin LAN na akwatin megabit 100 ne a rubuce, a aikace casa'in da 'yan kai yake bayarwa. Kamar a ɗura ruwan tanka ta mazurarin kwalba ne. Ba laifin kebul ba ne, ba na rauta ba, kuma talabijin ɗin ma 1080p ne, ba zai nuna 4K ɗin ba ko da ya iso. Magani HandBrake, manhaja ce kyauta: a zaɓi Fast 1080p30, bidiyo ya koma H.264, sauti AAC, nauyin ya sauko sosai, ido kuma ba zai ga bambanci daga kan kujera ba. A ajiye na asali a wani faifan daban, kada a goge. Wannan fayil ɗin ne ma a da ya ƙi shiga filas ɗinsu duk da akwai wuri, domin tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Sai an mayar da filas exFAT ko NTFS.

Fassarar da ke fitowa a ƙasan allo kuwa, fayil ɗinta na srt ya ɗauki suna ɗaya da na fim a folda ɗaya, a kuma adana shi da UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya.

Karatu da tafsiri su aka fi saurare a gidan, don haka na ba su haƙƙinsu. An sake wa surori suna da lamba uku uku, 001 zuwa 114, saboda wasu na'urorin na jera 1, 10, 100 kafin su zo kan 2. Tafsiri kowace shekara da foldarta, kowane dare da lambarsa. An ja waya daga ramin AV na akwatin zuwa sifikun falo, yadda za a kashe talabijin karatu ya ci gaba. Akwatin ba ya wuce wat 10, talabijin kuwa ya ninka haka sau da yawa, a kan inbata da dare wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Inna ta leƙo ta ga rimot biyu a kan tebur ta ce, "Kai ɗan nan, wanne zan riƙe?" Na ce, "Na talabijin, Inna, wanda kika saba." HDMI-CEC ke yin wannan, wato tsarin da ke sa rimot ɗin talabijin ya sarrafa akwatin ta kebul ɗin HDMI: Samsung na kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. An kunna shi a ɓangarorin biyu, amma an kashe zaɓin da ke sa akwati barci idan an kashe talabijin, don kada ya katse karatu.

Ban yarda a maƙale akwatin a bayan talabijin ba. Ba shi da fanka, ta jikinsa yake fitar da zafi, kuma zafin Gombe a Maris da Afrilu na kaiwa digiri 40. Idan ya yi zafi rage gudu yake, fim ya fara tsalle. Yana kan kanta a fili, ba a ɗora masa kyalle, da hunturu kuma a riƙa kaɗe ƙurar ramukansa.

Dab da magariba aka ɗauke wuta, inbata ya karɓa, amma rautar na kan soket ɗin da ba ya bin inbata, sai ta mutu. Da wuta ta dawo akwati na jira, rauta kuwa sai da ta ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin ta tashi, Kodi na cewa bai ga folda ba. Ba lalacewa ba ce, jira ne kawai. Ranar Litinin za a sayo ƙaramin batirin rauta mai fitar da bolt 12, a duba amfiyar da ke rubuce a cajarta kafin a saya. Fayilolin bikin guda shida na jere a HandBrake, an bar kwamfutar a caji, an ɗaga bayanta kan littafi don iska ta shiga, za ta kwana tana aiki.