Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Ranar da aka tona min asiri a layin awo

Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri da jinkirin wannan satin, nepa ce ta yi mana halin nata.

Toh mun tsaya inda aka sallamo ni bayan haihuwar autana, wadda na yi jijjiga har sai da aka ƙara min jini leda biyu. Haihuwa huɗu fa cikin shekara shida, duk kunika, ban taɓa yaye yaro ba sai da wani cikin. Likita ya kira maigida gefe ya ce idan ba a bar matar nan ta huta ba na gaba sai dai addu'a. Shi Malam bai yi gardama ba wallahi, shi ma ya kawo ayar shayarwa shekara biyu cikakku, ya ce je ki a yi miki tazarar haihuwa, amma kar Inna, wato mahaifiyarsa, ta ji.

Bayan na yi arba'in na tafi wani ƙaramin asibiti nan cikin Gusau, na zauna layi ɗaya da masu awo, na ja hijabi na rufe rabin fuska saboda akwai 'yan unguwarmu. Da aka zo kaina na matsa na faɗa wa nas ɗin a hankali, ita kuwa baiwar Allah sai ta ɗaga murya, "ke mai tazarar haihuwa, allurar wata uku kike so ko ashanar hannu?" (wato ɗan tsinken da ake sakawa a ƙarƙashin fatar hannu). Kowa ya waiwayo, har da maƙwabciyar Inna da ta rako sarakuwarta. Ko bayanin bambancinsu ba ta yi min ba, ta ce in kawo kuɗi kawai. Na ba da, aka yi allurar, na fito jikina na rawa.

Da dare na kira yayata da ke aikin lafiya a Kaura Namoda ina kuka. Ta ce ke ƙanwata wa ya ce ki biya? Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ƙwaya da allura da ashana da robar mahaifa duk, sai dai wani wurin a ce ki sayo safar hannu da auduga. Ta ce ita ashanar ma akwai ta shekara 3 akwai ta shekara 5, kuma dole ne a zaunar da ke a faɗa miki amfanin kowanne da matsalarsa, kamar rikicewar al'ada, sannan ki zaɓa da kanki. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ta ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin asibiti bayyana abin da ya kawo ka ba da izininka ba. Ni duk zamana na ɗauka rufin asiri a asibiti alfarma ce, sai ka dace da mai kirki, ashe haƙƙina ne aka taka ina ta cewa na gode.

Kuɗin ban damu da su ba, na yafe. Amma kwana biyu tsakani ina cikin wanke-wanke sai ga ƙanin maigida a ƙofar ɗaki, ko zama bai yi ba ya ce Inna ta ce in zo yanzu yanzu, kuma in taho da katin asibitin.

Sai sati mai zuwa in Allah Ya kai mu.