Hannu nawa ne a kan alƙalami?

Babin farko na kundin digirina ya dawo daga wurin malamina da jan biro a kusan kowane shafi, amma tambaya ɗaya ce ta hana ni barci. A gefen wani sakin layi, inda na zage ina yabon hazaƙar marubuci, sai ya rubuta: "Wa yake jira ya karanta?" Washegari na same shi a ofis na ce, "Malam, ai marubuci abin da ke ransa yake rubutawa." Ya yi murmushi, ya ce in je in binciko yadda littattafan suka fito tun daga tushe, in dawo bayan mako biyu.

Na fara da gasar rubuta ƙagaggun labarai da Rupert East, wani Baturen mulkin mallaka, ya shirya a 1933, lokacin yana shugabantar Hukumar Fassara a Zariya. Makarantun boko na bukatar abin karantawa, shi ya sa ya zaga yana roƙon masu ilimi su ƙago labarai. Ya sha wuya kafin su yarda, domin a wurinsu alƙalami na addini ne da al'amura masu nauyi, tatsuniya kuwa ta baki ce. Wato tun ba a ɗiga tawada ba an riga an san mai karatu, ɗan makaranta, an kuma san mai tacewa. Wannan ya rage min zaƙewa ƙwarai.

Sai dai a wurin kuma na ga ɗaya gefen. Kira ɗaya aka yi, amsa ta zo iri-iri. Abubakar Imam ya kawo Ruwan Bagaja, cike da barkwanci da ramuwar gayya tsakanin taurarin labarin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Yayansa Bello Kagara ya kawo Ganɗoki, labarin jarumin da ya gwabza da Turawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya rubuta Shaihu Umar, mai natsuwa da ban tausayi, kan bauta da rabuwar uwa da ɗa. Bello da Imam, wa da ƙani, gida ɗaya, gasa ɗaya, amma ko makaho aka karanta wa shafi guda zai bambance su. Bukatar zamani ta shata musu fili, abin da kowa ya shuka a ciki nasa ne.

Na ɗauka ko mulkin mallaka ne ya jawo haka, sai na leƙa Ingila. Marubuci Arthur Conan Doyle ya gaji da Sherlock Holmes, mai binciken laifuka da ya ƙago a labaransa, ransa ya fi kwanciya da ƙagaggun labaran tarihi, don haka a 1893 ya jefa shi a wani kwazazzabon ruwa a Suwizalan, ya ɗauka ya huta. Masu karatu suka ƙi haƙura. A 1901 ya fito da wani labarin da ya ce ya faru kafin mutuwar, a 1903 kuma ya tashe shi ɗungurungum. Charles Dickens ma, wanda yake sakin labaransa kashi-kashi yana jin yadda jama'a ke karɓa, ya sauya ƙarshen littafinsa Great Expectations a 1861 bisa shawarar abokinsa Edward Bulwer-Lytton, ya bar wa masoya biyun da ke cikin labarin ƙofar sake haɗuwa. Ni dai har yau ƙarshen farko, mai ɗaci, ya fi kwanta min. Amma wanda duniya ta fi sani shi ne na biyun.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne yadda na riƙa raina littattafan soyayya da suka bunƙasa tun shekarun 1980, waɗanda ake yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano. A babina na kira su shirme, alhali ban karanta ko guda biyar ba. Da na zauna na karanta, sai na ga dalilin da ya sa mata da matasa suka yi musu rubdugu: suna magana kan auren dole, da kishi, da sakin wulaƙanci, da karatun 'ya mace, abubuwan da littattafan makaranta suka daɗe suna kewayewa. A cikinsu akwai na cika kasuwa kawai, wanda idan ka karanta ɗaya ka karanta goma. Akwai kuma irin na Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an yi mata aure tana ƙarama, kuma kana jin zafin abin a cikin jimlolinta. Kasuwa ɗaya suka shiga, amma murya ba ɗaya ba.

Da mako biyu suka cika na koma. Na ce, "Malam, na gano masu karatu ne ke juya marubuci." Ya girgiza kai ya ce na tashi daga wannan rami na faɗa wancan. Ya jawo babin, ya nuna min wani wuri da na jera sunayen masana har bakwai a cikin sakin layi ɗaya, kuma babu wanda na yi amfani da maganarsa. Ya ce, "Wannan fa, don wa ka rubuta shi?"

Na yi shiru, domin don shi na rubuta, shi da malaman da za su zauna ranar kare kundi. Ya ƙara buɗe shafi biyu gaba, ya ɗora yatsa a kan wata 'yar gajeriyar jimla da na kusa gogewa saboda na ga ba ta yi kama da rubutun jami'a ba. Ya ce daga nan zan sake fara babin.