Mako na shida: hancina ya fara aiki

'Yan uwa masu koyon ɗanɗanar giyar inabi, ga inda na kwana. Ranar Asabar na zuba jan ruwan inabi iri biyu, Malbec na Mendoza a Ajantina da Carménère na Chile, na juya baya abokina ya sauya wa kofunan wuri. Karon farko ke nan da na canka daidai, kuma tun kafin in kai baki. Kofi na biyu ƙanshin ɗanyen tattasai yake, irin wanda ke tashi in an yanka shi don miya. Carménère ke nan.

Abin ya sa ni dariya, don su kansu manoman Chile sun fi shekara ɗari suna noma shi suna kiransa Merlot, wanda wani irin inabi ne dabam. Daga Bordeaux ta Faransa aka kawo shi a ƙarni na 19, kafin ƙwaron filoksera ya cinye gonakin inabin Faransa. Can Faransa Carménère ya kusa ɓacewa, amma ƙwaron bai shiga Chile ba. Sai a 1994 wani masani Bafaranshe, Jean-Michel Boursiquot, ya duba itacen a wata gona a kwarin Maipo ya ce wannan ba Merlot ba ne. To in su sun ruɗe haka, ni da mako shida ba zan ji kunya ba.

Malbec ya fi ba ni wahala. Littattafai suna ta lissafa 'ya'yan itacen da ban taɓa ci ba, sai na ajiye su na koma kan abin da harshena ya sani. Ni ɗinya nake ji a ciki, nunanniya, launinsa kuma ya fi zoɓo duhu. Baurin nan da ke kama dasashi kamar ka tauna goro, shi ne tanin, dangin sinadarin da ke cikin bagaruwar majema. Na Malbec ɗin Mendoza mai laushi ne, ba ya daɗewa a baki. Shi ma ɗan Faransa ne, daga yankin Cahors. Wani masanin noma Bafaranshe, Michel Pouget, ya kai shi Ajantina a 1853. Mendoza busasshiyar ƙasa ce, ruwan ƙanƙarar duwatsun Andes ake ja ta magudanai ana ban ruwa, dabarar da mutanen Huarpe suke yi tun kafin zuwan Sifaniyawa. Rana ta gasa 'ya'yan, dare ya yi sanyi, shi ya sa tsaminsa ba ya gudu.

Kuskurena na makon jiya: na bar kwalbar a ɗaki cikin zafin nan namu, ƙanshin duk ya mutu, barasa kawai ke dukan hanci. Yanzu minti 20 nake ba ta a firij kafin in buɗe.

Masu koyo don aikin otal da ba sa sha, ku shinshina kawai, tattasan nan ba ya ɓuya. Mako mai zuwa Tannat na Uruguay zan gwada, an ce baurinsa sai mai haƙuri.