Abin da Na Koya Wajen Horar da Ma'aikatan Sashen Harkokin Ɗalibai

Lokacin da aka ɗora mini alhakin shirya bita ga ma'aikatan sashen kula da harkokin ɗalibai na jami'ar da nake aiki, domin su riƙa auna amfanin shirye-shiryensu, na ɗauka cewa aikina bai wuce koya musu tsara takardar tambayoyi da shigar da amsoshi cikin kwamfuta ba. Tun a safiyar farko na gane cewa gizo ba a nan yake saƙa ba.

Na roƙi kowane ɓangare ya zo da rahotonsa na shekarar da ta gabata. Masu kula da ɗakunan kwana suka kawo yawan gadajen da aka raba, ofishin ba da shawara ya kawo yawan ɗaliban da suka shigo, su kuwa masu shirya taron wayar da kan sababbin ɗalibai suka zo da hotunan zaure cike maƙil. Da na tambayi wani jami'i da ya daɗe a aikin, mene ne ɗalibi ya iya bayan taron wanda bai iya ba kafin ya shiga, sai ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Malam, ai zaure ya cika, har wasu a tsaye." Bai yi ƙarya ba. Sai dai an sanar tun farko cewa halarta wajibi ce, saboda haka cikar zauren shaida ce ta tsoron hukunci kawai, ba ta gaya mana ko yaron ya san yadda ake rajistar kwasa-kwasai ko inda zai kai kuka idan an zalunce shi ba.

Abin da ya taimake ni wajen warware wannan shi ne tsarin Alexander Astin, wani masanin ilimi da ya yi aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda ya raba lamarin gida uku: abin da ɗalibi ya zo da shi, abin da ya tarar a jami'a, da abin da ya fita da shi. Amfanin wannan rabo shi ne yana hana mutum cin gashin da ba shi ya gasa ba. Idan ɗaliban da ke zuwa darasin ƙarin haske sun fi sauran cin jarrabawa, mai yiwuwa dama masu ƙwazo ne suke zuwa, kuma ko ba darasin za su ci. Sai an san matsayinsu kafin su fara sannan za a iya cewa shirin ya ƙara musu wani abu. Wannan bayani ya shiga kunnen mahalarta fiye da duk wani jadawalin lissafi da na nuna musu, wataƙila domin kowa ya san cewa ba a yabon taki sai an san irin ƙasar da aka zuba shi.

Akwai kuma tsoro, wanda ban yi tanadinsa ba ko kaɗan. A wurin ma'aikaci, kalmar tantancewa tana tuno masa da takardar da shugabansa ke cikewa kafin ƙarin girma, ko kuma zuwan tawagar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, lokacin da ake fenti da share-share ana ɓoye duk abin da ya karye. Wanda ya ɗauka cewa kansa ake aunawa ba zai taɓa kawo sakamako mara daɗi ba. Sai da shugaban sashen ya tsaya a gaban kowa ya ce shirin ake dubawa, kuma ba za a saka sakamakon a fayil ɗin kowa ba, sannan bakuna suka buɗe. Da na sani, da da wannan na fara.

Kuskurena mafi girma shi ne kwaso kayan awo daga waje ba tare da na gwada su ba. A Amurka wannan fanni ya yi nisa, domin tun 1979 suke da majalisar da ke fitar da ma'aunan ingancin ayyukan kula da ɗalibai, wadda ake kira CAS, kuma tun shekarar 2000 Jami'ar Indiyana take gudanar da binciken NSSE a kan yadda 'yan shekarar farko da ta ƙarshe suke shiga harkokin karatu. Na kwaikwayi salon tambayoyinsu, na yi tambayoyi masu yawa da Turanci mai nauyi, kowacce da zaɓi biyar. Da takardun suka dawo, sai na ga ɗalibai da dama sun bi layi ɗaya sun yi ta zaɓar "na gamsu" daga sama har ƙasa, domin a gaban jami'in ɗakin kwana aka raba takardun, kuma shi ne mai raba gadaje a zango mai zuwa. Wata Hajiya da ke kula da ɗakunan mata ce ta ankarar da ni. Ta ce, "Malam, yaran nan ba za su rubuta gaskiya ba muddin muna tsaye a kansu. Ka zo da yamma ka ga layin ruwa." Na je, na tarar da bokitai jere tun daga bakin famfo har ƙofar shiga, alhali takardata ta ce an gamsu da ruwa. Daga ranar na fahimci cewa ƙananan ma'aikata, waɗanda da farko ban ma saka sunayensu cikin masu halartar bitar ba, suna riƙe da bayanan da babu takardar da za ta kawo mini su.

Bayan haka muka sauya salo. Kowane ɓangare ya rubuta abu ɗaya ko biyu da yake so ɗalibi ya iya, a cikin jimlar da za a iya gwadawa. Masu taron wayar da kai suka daina cewa burinsu ɗalibi ya san jami'a, suka koma cewa ya iya faɗin matakan da zai bi idan rashin lafiya ta hana shi rubuta jarrabawa. Muka rage tambayoyin zuwa kaɗan, aka cire wurin rubuta suna da lambar rajista, ɗalibai ne kuma suka raba wa 'yan'uwansu. An yi tambayar kafin taro, aka sake yin ta bayan makonni, sai ta nuna cewa jawabin da ya fi kowanne tsawo shi ne wanda aka fi mantawa.

Har yanzu abin da ya fi ba mu wahala shi ne aiki da sakamakon, domin rahoto yana da saurin komawa cikin kabad. Mun amince cewa ba za a sake raba wata takarda ba sai an liƙa wa ɗalibai sanarwar abin da suka faɗa a baya da abin da aka yi a kai. A zangon da ya biyo baya an raba taron wayar da kai tsangaya-tsangaya, an kuma mayar da bayanin jarrabawa takarda guda da ɗalibi zai tafi da ita. Maganar ruwa kuwa tana ofishin ayyuka, domin ta fi ƙarfin kasafin sashenmu.