Tukunya a Cikin Tukunya

Yau da hantsi Inna maƙwabciyarmu ta aiko a kira ni hankalinta a tashe, domin kwana biyu ke nan babu wuta a unguwarmu ta Mabera, sanyin firji ya tafi, kuma allurar insulin ɗinta ta ciwon sukari ba ta jure zafin Sakkwato na watan Afrilu. Ina tsaye a tsakar gidanta sai na tuna wani abu da na taɓa karantawa don son sani kawai, wato dabarar da Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Muka sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, muka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, muka rufe bakin da ɗanyen tsumma, muka ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa yana tafiya da zafin ciki, kuma busasshiyar iskar bazara ce ta fi taimaka wa aikin.

Bayan la'asar Inna ta zura hannu, ta ɗago tana murmushi ta ce, "Ɗana, ai wannan aikin randa ne, Allah ya yi maka albarka." Gaskiyarta, har na ɗan ji kunya. Tun ina yaro nake shan ruwan randa, amma sai a takarda na san abin da ke sanyaya shi.