Ɗakin da aka hana ni a Penang

Ɗaki ne da banɗaki a hawa na tara a Penang ta ƙasar Malesiya, tagarsa na kallon teku. Ta waya muka gama ciniki da matar da ke ba da hayar ɗakin, har ta ce in taho da kuɗin ajiya. Na yi wanka, na sa shaddata mai ruwan toka, na kafa hula zanna, don a tunanina duk wanda ya ga mutum a haka ya san ba ɗan iska ba ne. Tana buɗe ƙofa ta dube ni daga hula har takalmi, ta tambayi ƙasata. Na ce Najeriya. Ta ce in yi haƙuri, kwamitin gidan ya hana a ba 'yan Afirka haya. Da a nan ta tsaya da na haɗiye. Sai ta ƙara, har da ɗan murmushinta, wai ai mutanenmu ƙwaya suke sayarwa.

Ni da ko sigari ban taɓa kai wa baki ba! Ni da Baba ya taɓa zane ni da dorina don an ce an gan ni kusa da masu shaƙar sholisho a bayan tashar Jibiya, zama kawai na yi. Ban ce mata uffan ba, na juya. A cikin lif na cire hular na cusa a aljihu, har yau haushin cire hular nan nake ji fiye da maganar kanta. Na san akwai 'yan ƙasarmu da aka kama da mugun kaya a Malesiya, inda laifin ke iya kai mutum ga igiya. Amma ni me ya haɗa ni da su in ban da koren fasfo?

Abin da ya sa maganar ta ƙi barin raina shi ne karatun da ya kawo ni. Digiri na uku nake yi a kan haraji, malamina kuwa ya ɗora ni a kan tsofaffin littattafan kuɗin shiga na zamanin Turawa, daga 1900 zuwa yaƙin duniya na ɗaya. A lokacin gwamna ɗaya ne ke riƙe da Penang da Malaka da Singafo. Da gangan Turawan Ingila suka ƙi sa kuɗin fito a tashoshin nan, don jiragen fatake su guji tashoshin 'yan Holan su taho wurinsu. Suka kuwa taho. Kuza daga Perak da Phuket, barkono da taba daga Sumatara, shinkafa daga ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), yadi daga Indiya da Ingila, duk a bakin ruwan Weld Quay ake sauke su a sake lodi zuwa wata ƙasa. To gwamnatin da ba ta karɓar kuɗin fito, da me za ta biya 'yan sanda da alƙalai ta shimfiɗa titi? Da ofiyom ta biya, wani abin maye da ake samu daga tsiro. Kusan rabin abin da ke shiga baitulmali daga nan yake fitowa, wata shekarar har ya haura rabi.

Gwamnatin Ingila da ke Indiya ita ke sa manoma su noma shi a yankin Patna da Banaras, ta yi gwanjonsa a Kalkata, a lodo akwatuna a jirgi. In ya iso nan sai a dafa shi ya zama baƙin danƙo mai suna candu, wanda ake ɗana wa lofe a zuƙa. Izinin dafawa da sayarwa kuma gwanjonsa ake yi, yawanci na shekara uku, kamar yadda ƙaramar hukuma ke sayar wa ɗan kwangila tikitin kasuwa ta ce ya je ya fanshe. Attajiran 'yan Sin su haɗa jari su saya, su riƙa biyan gwamnati duk wata, su fanshe a jikin 'yan'uwansu leburori: masu haƙar kuza, 'yan dako, masu jan keken fasinja da ƙafa. Wanda bai da kuɗin candu sai ya sayi ƙanzon da aka kankaro daga lofen mai kuɗi. Wannan ƙanzon ne na kasa mantawa. Mutum ya wuni yana jan ɗan'uwansa a rana, da dare ya sayi ragowar hayaƙin wani, a cikin kwabonsa kuma a cire albashin gwamna.

Inda kaya ya yi tsada kuwa fasa-ƙwauri ba ya kwana, wannan ba sai an koya wa ɗan Jibiya ba. Da dare ƙananan kwale-kwale ke shigo da candu mai araha daga maƙwabta. Saboda haka 'yan kwangilar suke da nasu 'yan sintiri, chinteng, masu ikon lalube mutum da kayansa, kuma sukan saye kwangilar maƙwabciyarsu Kedah da ta kudancin Siyam (Thailand ta yanzu) don su toshe kafar tun daga can. A 1910 gwamnati ta soke kwangilar, amma ba ta hana sha ba. Ita da kanta ta koma dafawa da sayarwa.

Ranar Juma'a nakan yi salla a masallacin Kapitan Keling, in ci nasi kandar, wato shinkafa da miya irin tasu, in taka zuwa bakin teku. Akwai wata farar hasumiyar agogo kusa da tsohuwar ganuwar Turawa, kullum baƙi na ɗaukar hoto a gindinta. Wani attajiri, Cheah Chen Eok, ya gina ta kyauta don cikar Sarauniya Victoria shekara 60 a kan gado a 1897. Tsawonta ƙafa 60, kowace shekara ƙafa ɗaya, ba a gama ba sai 1902, bayan sarauniyar ta mutu. Sana'arsa kuwa kwangilar ofiyom da giya. In na wuce ta wajen sai in ji ina ma matar nan na kusa in nuna mata. Ba na cewa kakanta ne, wataƙila ma nata kakan cikin masu sayen ƙanzo yake. Amma garin da aka gina da kuɗin hayaƙi, a cikinsa aka kalli shaddata aka kira ni dillalin ƙwaya.

Mutum ɗaya nake jin daɗin labarinsa, Dakta Wu Lien-teh, haifaffen Penang da ya karanta likitanci a Cambridge. A 1906 ya shiga gaban ƙungiyar yaƙi da ofiyom. Ba a jima ba aka binciki ɗakin maganinsa, aka sami ɗan ruwan ofiyom na magani, aka kai shi kotu a 1907 aka ci shi tarar dala 100 wai ba shi da lasisi. Ya tattara ya koma Sin, shi ne ya tare annobar da ta ɓarke a Manchuriya a 1910. Ɗan gari ne, likita ne, aka ƙulla masa sharrin abin da yake yaƙa. Ni baƙo wane ne?

Ina cikin bin takardun nan na ci karo da sunan da na sani tun firamare. Lugga ɗinmu, bayan ya bar Arewa, shi ne gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912. Can ma baitulmali da ofiyom ya dogara, da Landan ta ba da umarni a 1908 a rufe gidajen sha ya yi ta jan ƙafa saboda asarar kuɗin. Ya dawo ya haɗe Arewa da Kudu a 1914, a lokacin da Arewa ba ta iya riƙe kanta sai da tallafin Landan, Kudu kuwa na cika asusunta da kuɗin fiton barasa. Mu aka bar mu da kuɗin ƙasa da jangali. Na kira Baba da zumuɗi ina ba shi labari. Ya saurara har na gama, ya ce, "To Malam Bature, ka ci abinci?" Tun da na fara karatun nan haka yake kirana.

Baba shekarunsa duk a hanyar Maraɗi ya yi su, atamfa da sukari da shinkafa. Ya san kowane shinge da abin da ake ajiyewa a kai. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019 ya zauna a gida, jarin ya narke a hankali, cefane da asibitin Inna suka cinye shi. Bai taɓa yarda a kira abin da yake yi fasa-ƙwauri ba. Cewa yake kakansa ya bi hanyar nan da jakuna tun Bature bai ja layi ba, kuma ƙanwarsa a Ɗan Isa take aure, shi bai ga ranar da zuwa gidan ƙanwarsa ya zama fita waje ba.

Ban gaya wa Inna maganar ɗakin ba. Ita a wurinta ina inda ake shara da kuɗi, kuma duk kira sai ta maimaita, "Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko na limami ne." In ce to, Inna. Yanzu ina zaune da wasu 'yan Bangaladash biyu a bayan wani shagon gyaran babur, mai gidan tsoho ne Bamalaye, abin da ya tambaye ni kawai ko ina dafa abu mai yaji da yawa. Matata na can Katsina da yaran, ƙaramin ya fara tafiya ban gani ba sai a bidiyo. Bikin autarmu kuma bayan Babbar Salla ne, an riga an yanka mini gado da katifa da kujeru, kowa ya san rabonsa, ba a tambayi ko tallafin karatun ya shigo ba. Ƙanena shi ma ya turo jerinsa: wayoyi goma, turaren itace, dogayen riguna na mata, wai in turo ta kago zai sayar mu raba riba. Na tambaye shi wa zai biya kwastan a Kano. Ya ce in bar masa wannan, ya san wani.